Kallon faifan Blu-ray a kwamfuta: Wace manhaja ce ta fi dacewa?

Mutane da dama da suka sayi faifan Blu-ray da niyyar kallonsa a kwamfuta sukan gamu da abin da ba su zata ba. Za su saka faifan, su ji yana juyawa, kwamfutar ta nuna sunansa, amma hoto ya ƙi fitowa. Wasu sukan zargi mai shagon da ya sayar musu da faifan, wasu kuma su ɗora laifin a kan kwamfutar, har su kai ta wurin mai gyara su ƙara kashe kuɗi. A mafi yawan lokuta faifan lafiyarsa ƙalau, haka ma kwamfutar. Abin da ya yi ƙaranci shi ne manhajar da ke riƙe da makullin faifan, domin ba kowace manhajar kallo ce ke da shi ba.

Wannan ne ya sa kwatanta manhajojin kallon Blu-ray ya sha bamban da kwatanta sauran manhajoji. Kafin a kai ga batun wadda ta fi kyan hoto ko ta fi sauƙin sarrafawa, sai an fara tantance wadda za ta iya buɗe faifan, da hanyar da take bi wajen buɗe shi, da kuma tsawon lokacin da za ta ci gaba da iya yin hakan. Wanda ya fahimci wannan zai tsira da kuɗinsa, ko mai saye ne shi ko mai sayarwa.

Bambancin Blu-ray da DVD

A ido, faifan Blu-ray da na DVD girmansu ɗaya. Bambancin yana cikin hasken da ke karanta su. Na'urar DVD tana amfani da jan hasken leza, ita kuwa ta Blu-ray da shuɗi mai ratsin shunayya, wanda ya fi siranta, don haka yake iya karanta rubutun da aka matse sosai. Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5. Na Blu-ray kuwa yana ɗaukar gigabait 25 a shimfiɗa ɗaya, 50 a shimfiɗa biyu.

Wannan yalwar wuri ita ke ba da damar ingancin hoto. Hoton DVD a tsarin talabijin da ake amfani da shi a Najeriya yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye. Na Blu-ray yana da 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ninki biyar ke nan. Sabon nau'in da ya fito a 2016, mai suna Ultra HD Blu-ray, wanda aka fi sani da 4K, ya sake ninka wannan sau huɗu, kuma faifansa yana kaiwa gigabait 100.

Blu-ray ya shiga kasuwa a 2006, ya kuma yi kusan shekara biyu yana gogayya da wani faifai mai suna HD DVD na kamfanin Toshiba, har zuwa watan Fabrairun 2008 da Toshiba ya janye. Duk da cewa kallo ta intanet ya mamaye duniya daga baya, faifan bai rasa masu nemansa ba, kuma dalilin a fili yake. Kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa ɗaya a babban inganci yana cin data har gigabait uku, na 4K kuma har bakwai. Faifan Blu-ray na iya zuba hoton da ya kai gigabait 18 a awa ɗaya, ba tare da an sayi data ko an jira sabis ya dawo ba.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne, na'urar karanta DVD da ke jikin tsofaffin kwamfutoci ba ta karanta Blu-ray, kuma babu manhajar da za ta sa ta iya. Sai an nemi na'urar karanta Blu-ray, ko ta cikin kwamfuta ko wadda ake jonawa ta kafar USB.

Kullen da ke kan faifan

Kamfanonin fim na Amurka sun ɗauki darasi daga abin da ya faru da DVD. A 1999 aka karya kullen da ke kansa, inda sunan wani matashi ɗan ƙasar Norway, Jon Johansen, ya yi fice a lamarin. Tun daga lokacin kusan kowace manhajar kyauta ke iya buɗe DVD. Da aka zo kan Blu-ray sai aka yi masa kulle mai hawa-hawa.

Hawa na farko shi ne tsarin AACS. Fim ɗin da ke kan faifan a kulle yake, kuma sai na'ura ko manhajar da ta biya kuɗin lasisi ake ba makulli. Hikimar tsarin ita ce ana iya soke makulli. Idan aka gano cewa an sace makullin wata manhaja, sai a saka shi cikin jerin waɗanda aka soke, kuma duk sabon faifan da aka buga daga ranar yana ɗauke da wannan jeri. Haka ya faru a 2007, lokacin da aka tsamo makulli daga manhajar WinDVD, aka soke shi, masu amfani da ita suka tilasta sabunta ta. Saboda haka manhajar da ta buɗe fim ɗin da aka buga a 2010 tana iya gazawa a gaban wanda aka buga bara, idan ba a sabunta makullanta ba.

Hawa na biyu shi ne BD+, wanda wasu kamfanoni ke ƙarawa. Wani ɗan ƙaramin shiri ne a cikin faifan da ke bincikar manhajar kafin ya gyara hoton da aka dagula da gangan. Manhajar da ba ta iya tafiyar da shi ba za ta nuna hoto mai tsagewa da ɓarkewar launi.

Na uku shi ne HDCP, wanda ke tsare hanyar da hoto ke bi daga kwamfuta zuwa allo. Manhaja mai lasisi tana tambayar allon ko yana da wannan kariya, idan babu ta ƙi nuna komai. Wannan ne ke hana wasu tsofaffin alluna da majigin ofis aiki da ita.

Na huɗu kuma shi ne Cinavia, wata alama da ake ɓoyewa a cikin sautin fim. Idan na'ura mai lasisi ta ji alamar a kan kwafin da ba na asali ba, sai ta ɗauke sautin bayan kimanin minti ashirin.

Baya ga kulle, akwai batun shafin zaɓi da ke fitowa a farkon faifai, inda ake zaɓar harshe da fassarar ƙasan allo da babi. A yawancin manyan finafinai an gina wannan shafi da harshen kwamfuta na Java, kuma manhajoji da yawa na tuntuɓe a kansa.

Kamfanin Microsoft bai taɓa saka damar kallon Blu-ray a cikin Windows ba, hasali ma tun daga Windows 8 ya cire damar kallon DVD da ke zuwa kyauta. Kamfanin Apple ma bai taɓa saka ta a kwamfutocinsa ba. A 2008 marigayi Steve Jobs ya koka a fili kan wahalar lasisin faifan. Ke nan dole mai kwamfuta ya nemo manhaja daga wani wuri.

Rabon yankuna

An raba duniya gida uku a tsarin Blu-ray. Yankin A ya ƙunshi nahiyar Amurka da Japan da Koriya da Kudu maso Gabashin Asiya. Yankin B ya ƙunshi Afirka da Turai da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya. Yankin C kuma ya haɗa da Sin da Indiya da Rasha. Najeriya tana yankin B, don haka faifan da aka sayo daga Ingila ko Dubai ko Saudiyya yankinmu ɗaya da shi, amma wanda aka kulle wa yankin Amurka ko na Indiya zai ƙi buɗewa a na'urar yankin B.

Ba kowane faifai ake kullewa ba. Da yawa suna ɗauke da haruffan uku a bayan kwalinsu, alamar suna buɗewa ko'ina. Ɗan kasuwar da ke shigo da kaya ya kamata ya duba wannan alama kafin ya biya. A kwamfuta, manhajar ce ke riƙe da yankin Blu-ray, kuma masu lasisi sukan ba da damar sauya shi sau biyar kacal, daga nan ya tsaya a kan na ƙarshe. Faifan 4K shi ba a raba masa yanki ba.

Rukuni na farko: masu lasisi

Jagora a nan ita ce PowerDVD ta kamfanin CyberLink da ke Taiwan. Tana buɗe faifai kamar yadda na'urar falo ke yi: shafin zaɓi ya fito daidai, fassara da harsuna su yi aiki, ƙarin shirye-shiryen da ke cikin faifan su buɗe. Kamfanin yana sabunta makullanta, kuma babu wata tababa a kan halaccinta. Ga wanda ba ya son wahalar saituna, babu kamarta.

Sai dai tana da nata sharuɗɗan. A Windows kaɗai take kallon faifai. Da dala ake sayenta, ko a biya gaba ɗaya ko a riƙa biyan kuɗin shekara. Kuma tana da matakai: mafi arahar cikinsu DVD kawai take buɗewa, don haka wajibi ne mai saye ya karanta ya tabbatar an ambaci Blu-ray a matakin da zai biya. Wani abin lura shi ne sigar da ake haɗowa kyauta a kwalin na'urar karanta faifai. Irin wannan siga takan yi aiki na ɗan lokaci, daga baya a daina sabunta ta, sabbin finafinai su ƙi buɗewa har sai an sayi sabuwa. Kasancewarta mai lasisi kuma ya sa tana aiwatar da dukkan dokokin kullen: za ta ƙi allon da ba shi da kariya, za ta ƙi faifan wani yanki, za ta ɗauke sautin kwafin da ke da alamar Cinavia.

Ta biyu ita ce WinDVD Pro, wadda kamfanin InterVideo ya ƙirƙira kafin Corel na ƙasar Kanada ya saye shi a 2006. Ta fi PowerDVD sauƙin fasali da ƙarancin tarkace, tana kuma buɗe Blu-ray na yau da kullum. Amma ta daɗe a kan siga ta 12, ba ta buɗe faifan 4K, kuma manhajar da ci gabanta ya tsaya haɗari ce a fagen da makulli ke sauyawa.

Akwai ta uku da aka taɓa ji da ita, TotalMedia Theatre ta kamfanin ArcSoft, wadda aka daina yi a 2014. Labarinta izina ne ga mai saye: waɗanda suka biya kuɗinta sun wayi gari da manhajar da ba za a sake sabuntawa ba. Duk wanda ya ga ana tallarta a yau ya san tsohon kaya ne.

Rukuni na biyu: na kyauta

Babu manhajar kallo da ta kai VLC yaɗuwa a kwamfutocinmu. Ta samo asali ne daga aikin ɗalibai a wata makarantar injiniyoyi ta birnin Paris a 1996, kuma ƙungiyar VideoLAN mai zaman kanta ke kula da ita. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, ba ta da talla, ba ta nauyi. Ta fara karɓar Blu-ray a siga ta biyu a 2012, a siga ta uku ta 2018 kuma aka inganta ta har tana iya nuna shafin zaɓi idan an girka Java a kwamfutar.

Amma VLC ba ta da lasisin AACS, kuma ba ta zuwa da makulli. Faifan da ba a kulle ba, kamar na bikin aure ko na taron ofis da aka naɗa a kan Blu-ray, za ta buɗe shi nan take. Fim ɗin kamfani kuwa sai ta nuna saƙon cewa tana buƙatar ƙarin kayan buɗe kulle. Masu bin wannan hanya sukan nemo fayil ɗin makullai da wasu ke tattarawa a intanet, kuma ko an yi hakan ba kowane faifai ke buɗewa ba, musamman sababbi da masu ɗauke da BD+.

MPC-HC ita ce zaɓin masu tsohuwar kwamfuta, domin ba ta cin ƙarfin na'ura. Waɗanda suka kafa ta sun sanar da dakatar da aikin a 2017, amma wasu masu sa kai suka ci gaba da sabunta ta, tana kuma da 'yar'uwa mai suna MPC-BE. Idan aka haɗa ta da wani ƙarin shiri mai suna madVR, tana fitar da hoton da masana ke sanyawa a sahun gaba, sai dai hakan na buƙatar katin hoto mai ƙarfi da haƙurin saiti. PotPlayer ta kamfanin Kakao na Koriya ta Kudu ta yi fice wajen yawan saituna da sarrafa fassarar ƙasan allo. Dukkansu biyun na Windows ne, ba sa buɗe kulle da kansu, kuma sun fi ƙwarewa wajen tafiya kai tsaye zuwa fim ɗin ba tare da shafin zaɓi ba.

Tsallake shafin zaɓi yana da daɗi, domin yana kawar da tallace-tallace da gargaɗin farkon faifai. Amma wasu kamfanoni sukan cusa jerin bogi masu yawa a faifai, ta yadda manhajar da ta yi hasashen wanne ne fim ɗin za ta iya ɗauko wanda aka hargitsa, fage na baya ya riga na gaba.

Kodi, wadda ake kira XBMC kafin 2014, an tsara ta ne domin kwamfutar da aka jona da talabijin ana sarrafa ta da rimot. Tana jera finafinai da hotunansu kamar kanta. Ita ma ba ta zuwa da makulli.

Rukuni na uku: masu buɗewa ta bayan gida

Tsakanin waɗancan biyu akwai manhajojin da ke buɗe faifan da aka kulle ta hanyoyinsu na kansu. Leawo Blu-ray Player kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac, amma tana buƙatar intanet a lokacin buɗe faifai, kuma tana tallata sauran kayan kamfaninta. PlayerFab ta masu DVDFab ta kuɗi ce, tana nuna shafin zaɓi, tana kuma buɗe faifan 4K. Masu kwamfutar Apple da dama sun dogara da Macgo, kasancewar PowerDVD ba ta yi musu wannan aiki. MakeMKV ita ba manhajar kallo ba ce. Aikinta kwashe fim daga faifai zuwa fayil ba tare da rage inganci ba, daga nan a kalle shi da VLC ko Kodi. Fim ɗaya kan ci gigabait 20 zuwa 40 na ma'ajiyar kwamfuta.

Raunin wannan rukuni shi ne rashin tabbas. A 2014 hukumar da ke kula da AACS ta maka masu DVDFab a wata kotu a birnin New York, ta kuma samu umarnin da ya shafi shafukansu. A watan Fabrairun 2016 kamfanin SlySoft, mai manhajar AnyDVD HD, ya rufe saboda matsin lamba ta fuskar doka, duk da cewa a tsibirin Antigua yake. Waɗanda suka gaje shi da sunan RedFox su ma shafinsu ya ɓace a 2024. Duk manhajar da ke tuntuɓar wata cibiya a intanet kafin ta buɗe faifai, ranar da cibiyar ta rufe amfaninta ya ragu.

Akwai kuma batun doka. Amurka ta haramta karya kullen kayan fasaha tun 1998. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta ƙunshi tanadi a kan karya irin wannan kulle da kuma fataucin kayan karya shi. Mai shago da ke girka wa jama'a manhajoji da jami'in da ke kula da kwamfutocin ma'aikata su ne suka fi buƙatar sanin haka.

Mafi haɗari duka shi ne kwafin sata na manhajojin kuɗi, wanda ake girkawa kyauta ko a farashi kaɗan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Irin wannan kwafi sananniyar hanya ce ta shigar da shirye-shiryen satar bayanai, kuma kwamfutar da ake shiga asusun banki ko ake ajiye takardun aiki a cikinta ba wurin gwada shi ba ne. Ƙari a kan haka, ba ya karɓar sabbin makullai, wato ya rasa ainihin abin da ake biyan kuɗi dominsa.

Shin hoto yana bambanta?

Masu talla sukan cika baki a nan, amma gaskiyar ta fi sauƙi. An matse hoton Blu-ray da ɗaya daga cikin tsare-tsare uku, MPEG-2 ko H.264 ko VC-1, kuma a kwamfutar zamani katin hoto ne ke warware shi, kowace manhaja aka yi amfani da ita. Idan aka kashe duk wani ƙarin kwalliya, hoton da PowerDVD ta fitar da wanda VLC ta fitar kusan ɗaya ne a idon mai kallo.

Bambanci yana fitowa a wurare uku. Na farko shi ne lokacin da girman hoton bai yi daidai da na allon ba, sai manhaja ta faɗaɗa ko ta rage shi. A nan madVR ta yi zarra. Na biyu shi ne tafiyar hoto. Ana ɗaukar fim da hotuna 24 a daƙiƙa, allon kwamfuta kuwa yawanci sau 60 yake sabunta kansa a daƙiƙa, kuma rashin daidaiton yakan haifar da ɗan cijewa idan kyamara na juyawa. Kodi da madVR suna iya sauya saurin talabijin ya dace da na fim ɗin. Na uku shi ne kwalliyar da PowerDVD ke kira TrueTheater, mai ƙara haske da kaifin launi, wadda wasu ke so wasu kuma ke ganin tana sauya abin da mai fim ya nufa.

Allon da kansa ya fi manhaja tasiri. Kwamfutocin tafi-da-gidanka masu sauƙin kuɗi da yawa allonsu ɗigo 1366 ne da 768, wato kusan rabin abin da ke kan faifan. A irin wannan allo rabin ingancin da aka biya kuɗinsa ba ya fitowa, sai an jona da talabijin ta wayar HDMI. Haka batun sauti yake. Faifan yana ɗauke da sauti mai cikakken inganci irin su Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, kuma PowerDVD da Kodi da MPC-HC da VLC duk suna iya miƙa shi ga na'urar sauti ta HDMI, amma a ƙananan lasifikan kwamfuta babu kunnen da zai ji bambanci.

Faifan 4K: ƙofar da aka rufe

A nan ne mutane suka fi tafka asara. Lokacin da PowerDVD ta fara buɗe faifan 4K a 2017, an gindaya sharaɗin cewa dole ƙwaƙwalwar kwamfutar ta kasance ta Intel mai ɗauke da wata kariya da ake kira SGX, wadda ke ɓoye makulli daga sauran shirye-shirye. Sai zubi na bakwai zuwa na goma ne suka cika sharaɗin. Ana gane zubin daga lambar da ke bin sunan, misali i5-8250U zubi na takwas ce, i5-1135G7 kuma na sha ɗaya. Bayan haka ana buƙatar allon da ke da HDCP 2.2, da na'urar karanta faifai da aka amince wa 4K, da babban allon cikin kwamfuta mai goyon bayan tsarin. Masu ƙwaƙwalwar AMD ba su taɓa shiga ciki ba.

Daga zubi na sha ɗaya Intel ya cire SGX daga kwamfutocin jama'a, daga baya CyberLink ma ya janye damar daga sabbin sigogin PowerDVD. Sakamakon shi ne sabuwar kwamfuta mai tsada ba ta da halastacciyar hanyar kallon faifan 4K. Abin da ya rage shi ne hanyoyin rukuni na uku, waɗanda ke buƙatar wasu keɓaɓɓun na'urorin karanta faifai, wani lokaci ma sai an sauya musu shirin ciki, aikin da kuskure kaɗan a cikinsa kan kashe na'urar.

Ga mai son 4K, na'urar falo ta Sony ko Panasonic ta fi kwanciyar hankali, haka ma na'urorin wasa irin su PlayStation 5 mai kafar faifai da Xbox Series X da Xbox One S. PlayStation 3 da 4 kuwa Blu-ray na yau da kullum suke buɗewa. Mai sayen na hannu ya lura cewa na'urar da aka yi domin kasuwar Amurka yankin A ce, kuma tana iya kasancewa ta wutar lantarki mai ƙarfin 120, alhali tamu 230 ce.

Kafin a kashe kuɗi

Da farko a tabbatar faifan Blu-ray ne na gaskiya. Kasuwanninmu sun daɗe da fayafayai masu ɗauke da tambarin Blu-ray a kwali, da finafinai goma ko ashirin a ciki. Waɗannan DVD ne da aka matse finafinai a kai har ingancinsu ya zube. Gwajin mai sauƙi ne: duk faifan da ya yi aiki a na'urar DVD ta gida ba Blu-ray ba ne. A kwamfuta kuma, na gaskiya yana nuna folda mai suna BDMV, kuma nauyin fim ɗin kamfani yakan wuce gigabait 8.5 nesa ba kusa ba. Irin wancan faifai ba ya buƙatar komai fiye da VLC.

Na biyu, a duba na'urar karanta faifan. Wasu ƙananan na'urori na USB suna buƙatar kafa biyu kafin su samu isasshiyar wuta, idan aka jona ɗaya sai su riƙa yankewa a tsakiyar kallo. Ya kamata a gwada ta da faifan asali a gaban mai shago. A kuma san cewa kasuwar tana tsukewa: Oppo ya daina ƙera na'urorin kallon Blu-ray a 2018, Samsung ya bi sahu a 2019, LG a ƙarshen 2024, Sony kuma ya daina buga faifan da ake naɗar bayanai a kai a 2025. Ofishin da ya adana hotuna ko bidiyon tarihi a kan irin wannan faifai zai yi kyau ya tanadi na'urar karantawa, ya kuma ajiye kwafi a wata ma'ajiyar.

Daga nan zaɓin manhaja ya danganta da abin da ke hannun mutum. Mai finafinan asali da kwamfutar Windows, wanda yake son ya saka faifai ya zauna, PowerDVD ce tasa, a matakin da ya ƙunshi Blu-ray. Mai fayafayan biki ko na aiki da ba a kulle ba, VLC ta wadatar da shi, ba sai ya biya ko sisi ba. Mai tsohuwar kwamfuta ya gwada MPC-HC, wanda ya jona tasa da talabijin ya duba Kodi. Wanda kuwa faifansa bai wuce biyu ko uku ba, ya haɗa kuɗin na'urar karantawa da na manhaja ya kwatanta da farashin na'urar falo ta hannu, domin sau da yawa ita ce za ta fi araha, kuma ba za ta nemi ya sake biyan kuɗin sabuwar siga ba.